Sa'annina Sun Yi Gaba, Ni Ina Nan: Da Me Zan Auna Nasarata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 34, ina koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati a Zariya. Ina da mata da 'ya'ya biyu, muna gidan haya. Waɗanda muka gama ABU tare wasu suna Abuja, wasu sun fita waje, wasu sun gina gidaje. Ina son koyarwa, amma duk sanda na buɗe zauren WhatsApp na 'yan ajinmu sai in ji kamar na ɓata rayuwata. Yanzu wani ɗan'uwana ya ce in ajiye aikin in koma Kano in riƙe masa shago a Kantin Kwari. Na rasa ma abin da nake so. Yaya mutum yake gane abin da ya sa gaba a rayuwa, har ya san ya ci nasara ko bai ci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, tambayoyi biyu ne suka cuɗe maka wuri guda. Ta farko ta kuɗi ce: albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga haya, ga yara suna tasowa. Ta biyu ta daraja ce: shin rayuwar da kake yi tana da ƙima, ko ɓata lokaci kake. Ta farko lissafi take so, kai kuwa aikinka ke nan. Ta biyu ita ce mai wuya, kuma muddin ba ka warware ta ba, ko ka je Kwari ka yi kuɗi za ta bi ka har can. A aikina na ba matasa da ma'aikata shawara kan zaɓin sana'a, na zauna da mutanen da albashinsu ya ninka naka ninkin ba ninkin, suna yi mini irin wannan tambaya taka. Don haka ba zan ce maka tafi ko zauna ba. Abin da zan iya shi ne in nuna maka yadda za ka gano abin da za ka yanke hukuncin da shi.

Mu fara da zauren nan, tunda daga can ciwon yake tasowa. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya yi bayanin abin da kowa yake ji a jikinsa: idan mutum ba shi da tsayayyen abin da zai auna kansa da shi, sai ya auna kansa da waɗanda yake gani tsaransa ne. Shi ya sa dukiyar Aliko Ɗangote ba ta hana ka barci, amma motar wanda kuka kwana ɗaki ɗaya da shi a Samaru tana hana ka. Iyayenmu ma sun yi irin wannan kallon-kallo, sai dai iyakarsu unguwa da kasuwa, inda suke ganin mutum da dukan halin da yake ciki. Sun ga sabuwar rigarsa, sun kuma san bashin da ake bin sa da majinyacin da ke kwance a gidansa. Kai kuwa hoto kawai ake turo maka. Wanda ya tare a sabon gida zai saka, wanda aka yi wa ƙarin girma zai saka, amma wanda aka sallama daga aiki shiru zai yi, haka wanda aurensa ke tangal-tangal. Ka ƙirga mutanen da ke cikin zauren, ka ƙirga masu saka irin waɗannan hotuna, za ka tarar 'yan kaɗan ne. Sai zuciya ta ɗauki gidan wane ta haɗa da motar wane da bizar wane, ta ƙera mutum ɗaya da babu shi a duniya, ta ce da shi za ka yi gasa. Manzon Allah (SAW) ya ba da maganin wannan a hadisin da Muslim ya ruwaito: ku dubi wanda ke ƙasa da ku, kada ku dubi wanda ke sama da ku, don kada ku raina ni'imar Allah a kanku.

Sai dai duban na ƙasa zuciya yake kwantarwa, ba ya nuna maka inda za ka dosa. Wannan sai ka samu ma'auninka. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni daban-daban ya san mudun wani gari ba ɗaya yake da na wani ba. Ka auni buhu da tiya a nan, ka je can ka sake aunawa da wani mudun, sai ka ga adadi ya canza alhali geron nan dai shi ne. Kai ma babu abin da ya ragu a rayuwarka tsakanin safiyar da kake gaban allo kana jin daɗin aikinka da daren da ka buɗe waya. Mudun ne ya canza.

Mudun da gari ke auna namiji da shi kowa ya san shi: aure, mota, gida, kujerar Makka, sannan a ce wane ya zama wani abu. Babu ko ɗaya mara kyau a cikinsu, ina kuma yi maka fatan su duka. Matsalar ita ce ba su da ƙarshe idan su ne manufar. Hadisi ya faɗa mana da ɗan Adam zai mallaki kwari biyu na dukiya, da ya nemi na uku. Masu bincike ma sun tarar da haka. Tim Kasser da Richard Ryan, a nazarin da suka wallafa a 1993 da 1996, sun gano cewa mutanen da suka ɗora dukiya da suna da kyan gani a saman komai sun fi fama da damuwa, sun kuma fi ƙarancin natsuwa, a kan waɗanda suka fifita kyautata kansu da zumunci da amfanar jama'a. A 2009 Ryan da abokan aikinsa na Jami'ar Rochester suka bi sawun waɗanda suka gama jami'a bayan sun shiga duniyar aiki. Waɗanda suka cim ma burinsu na kuɗi da suna ba su ƙaru da natsuwa ba, waɗanda suka cim ma burin zumunci da ƙwarewa da hidimar mutane kuwa sun ƙaru.

A nan dole in ja maka kunne, domin ana yawan amfani da irin wannan magana a rufe wa talaka baki. Waɗancan da aka yi nazarin a kansu Amurkawa ne da cikinsu ke ƙoshe. Kai kana ƙasar da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun 2024. Binciken da aka yi kan kuɗin shiga da jin daɗin rayuwa, har da na Daniel Kahneman da Angus Deaton na 2010, ya nuna ƙarin kuɗi ya fi tasiri a wurin wanda ke ƙasa. Naira 50,000 a hannun malamin makaranta magani ce da kuɗin makarantar yara da barci mai daɗi. A hannun attajiri ba ta canza komai. Addini ma bai ce ka rungumi talauci ba. Alƙur'ani ya ce kada ka manta da rabonka na duniya, kuma Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa ya bar magadansa da wadata ya fi ya bar su suna roƙon mutane. Ina jin zafi idan na ga an ɗauki wadatar zuci an mayar da ita mayafin kasala. Neman ƙari halal ne, a wurinka ma wajibi ne. Abin da nake so shi ne ka san nawa ne ya ishe ka, kuma don me kake nemansa.

To yaya ake gane abin da mutum ya riƙa da daraja? Yawancin masu ba da shawara za su miƙo maka jerin kalmomi masu daɗi su ce zaɓi biyar. Ni ban ga amfanin wannan ba. A farkon shekarun 1970 Anthony Kirk-Greene, Baturen Ingila da ya yi aiki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, ya tattara siffofin da Hausawa ke kiran mutum mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ka karanta wa mutum ɗari wannan jeri, duk ɗarin za su ce suna so, har da wanda ya cinye kuɗin marayu. Abin da kowa ya yarda da shi a baki ba zai bambanta ka da kowa ba. Ana sanin abin da mutum ya fi so ne ranar da abubuwa biyu masu kyau suka yi karo, dole ya saki ɗaya. Shalom Schwartz, wanda ya yi nazarin wannan a ƙasashe da dama ya fitar da sakamakonsa a 1992, ya nuna cewa abubuwan da mutane ke darajawa suna jan juna ne: neman iko da ɗaukaka yana ja da kyautata wa mutane, son kwanciyar hankali da bin abin da aka saba yana ja da son 'yancin kai da gwada sabon abu. Babu mai samun duka a cike. Hausawa sun riga shi faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.

Saboda haka kada ka tambayi kanka me kake so. Ka tambayi kanka me ka riga ka biya farashinsa. Ka samu littafi da biro, ka zauna bayan Asuba kafin gida ya tashi, ka ajiye wayar a wani ɗaki. Ka ciro bayanan asusunka na banki na wata uku, ka bi su layi-layi. Banda abinci da haya, ina 'yan canjin da suka rage suke tafiya? Wani zai ga duk wata akwai abin da yake tura wa mahaifiyarsa ko da shi zai kwana da yunwa. Wani zai ga littattafai da data. Wani zai ga ɗinki da gudummawar biki. Wani zai ga ya biya wa ɗalibin da ba ɗansa ba kuɗin NECO. Takardar banki ba ta san kunya ba, abin da ka yi kawai take nunawa. Haka za ka yi wa lokacinka: Asabar da Lahadi, da awannin da ke tsakanin La'asar da Magariba, waɗanda babu mai tilasta maka komai a cikinsu, ina kake kai su?

Sannan ka rubuta abubuwan da ka taɓa ƙi alhali kana bukata. Wannan ya fi duk sauran nauyi a wurina. Kai malami ne, ka san abin da ke faruwa lokacin jarrabawa, ka san akwai cibiyoyin da ake biyan malamin lissafi ya rubuta amsa a allo. Idan an taɓa yi maka tayi ka ƙi, a watan da ba ka gama biyan haya ba, to ka riga ka san abu ɗaya game da kanka wanda babu zauren da zai gaya maka. Idan kuma ka karɓa, abin ya tsaya maka a rai har yau, wannan tsayawar ma shaida ce. Abin da mutum ya taka ya kasa barci a kansa, yana cikin abubuwan da yake darajawa.

Akwai kuma shaidar da mutane ke kunyar dubawa, wato ƙyashi. Ka ce zuciyarka tana sosuwa idan ka ga 'yan ajinku. Kada ka tsaya a nan, ka tona. Wane ne a cikinsu ya fi taɓa ka, kuma mene ne takamaimai a wurinsa? Na taɓa zama da wani ma'aikaci da ya zo yana cewa abokinsa ɗan kasuwa ne ke hana shi sukuni, shi ma kasuwanci zai koma. Muka yi ta bin maganar, na ce ya gaya mini ranar da abin ya fi yi masa ciwo. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, can ya ce ranar da aka kwantar da mahaifin abokin a asibiti ne, abokin ya zaro kati ya biya kuɗin aiki nan take, shi kuwa lokacin da nasa mahaifin ya kwanta sai da ya bi mutane yana neman rance. Ashe ba mota ce damuwarsa ba, ba kuma shago ba. Abin da yake so shi ne kada iyayensa su wulaƙanta yana raye. Wannan buri ne da ke da adadi, ana iya yi masa tanadi da adashi da inshorar lafiya da ƙaramar sana'a ta gefe, ba sai ya rushe duk rayuwarsa ba. Kai ma mai yiwuwa idan ka tona ka tarar wanda ya fi tsaya maka a rai ba mai gidan Abuja ba ne, wanda ya koma ya yi digiri na uku ne. Ko kuma ka tarar lalle kasuwar kake so, kana sha'awar ciniki da juya kuɗi da zama mai gidan kanka. Duk wanda ka samu a ciki, gaskiyarka ce, ka karɓe ta. Ka kuma tuna hadisin da ya ce babu abin da ya cancanci a yi wa mutum sha'awar samun irinsa sai biyu: wanda Allah ya ba dukiya yana kashe ta a kan gaskiya, da wanda Allah ya ba hikima yana hukunci da ita yana koyar da ita. Ɗan kasuwa da malami duk suna ciki.

Birnin Kano da ake kiran ka zuwa ya ga irin waɗannan biyun. Alhassan Ɗantata ya taso daga Bebeji, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya shiga cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, zuriyarsa kuma har yau suna riƙe da kasuwanci. Malam Aminu Kano kuwa malamin makaranta ne kamarka, ya koyar a Bauchi da Maru, ya ajiye aikin a 1950 ya rungumi gwagwarmayar NEPU. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 a jam'iyyar PRP bai ci ba, ya rasu a watan Afrilun 1983 bai tara abin duniya ba, duk da ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Gowon. Ka je Gwammaja ka shiga gidansa, wanda yanzu yake cikin cibiyar Mambayya ta Jami'ar Bayero, ka ga ɗakunan da mutumin da ya girgiza Arewa ya zauna a ciki. Yau filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa sunansa suke ɗauke da shi. Da za a auna Malam da ma'aunin Ɗantata, sai a ce bai yi komai ba. Da za a auna Ɗantata da na Malam, shi ma haka. Kowannensu ya san abin da ya sa gaba, ya kuma yarda ya rasa sauran. Ka lura kuma Malam barin koyarwa ya yi. Ban kawo shi don in ɗaure ka a aji ba. Ya bar aikin ne domin abin da ya shigar da shi ajin tun farko, wato 'yantar da talaka daga jahilci da danniya, ya ga zai fi samuwa a wani fagen.

Wannan ne bambancin manufa da aiki. Aiki suna ne a takardar albashi, ana iya canza shi. Manufa amsar tambaya ce mai sauƙin faɗa: su wa kake so su amfana da kai, kuma da me? Ka ce kana son koyarwa. Mene ne a cikinta? Idan lokacin nan ne da yarinyar da ta yi makonni tana kallon allo kamar baƙon rubutu ta ɗago kai ta ce "Malam, na gane", to abin da kake so shi ne buɗe wa mutum kai, kuma zai yi wuya ka same shi a tsakanin dilolin atamfa da shadda. Idan kuwa abin da kake so a koyarwa shi ne ana girmama ka, kana tashi da wuri ka koma gida, akwai fansho a gaba, to kwanciyar hankali kake so, sai ka duba ko kasuwa za ta ba ka ita, domin kasuwa yau riba gobe faɗuwa.

Akwai wata shawara da ke yawo a intanet, wai ka bi son zuciyarka, kada ka saurari kowa, rayuwarka taka ce kai kaɗai. Ban yarda da ita ba, kuma ba ta dace da mai mata da 'ya'ya biyu ba. Ka fayyace nasara da kanka ba yana nufin ka fayyace ta don kanka kaɗai ba. Abin da ake bukata shi ne ka raba mutane gida biyu: masu haƙƙi a kanka da 'yan kallo. Iyayenka, matarka, 'ya'yanka, ɗalibanka muddin kana karɓar albashi dominsu, waɗannan suna da bakin magana. 'Yan ajinku da masu zaman majalisa da dangin da ba a ganinsu sai ranar biki, 'yan kallo ne. Ranar da ka faɗi, jaje kawai za su yi maka. Abin da na sha gani shi ne mutum yana wahalar da masu haƙƙi don ya burge 'yan kallo, ya ci bashi ya sayi mota alhali kuɗin makarantar yara bai cika ba. Ka zauna da uwargida ka tambaye ta, ba da sigar sanarwa ba, da sigar neman shawara: a shekara biyar masu zuwa me take so ta ga ya canza a gidan nan? Ka tambayi mahaifiyarka, idan tana raye, me take jira daga gare ka. Sau da yawa amsarsu ta fi abin da kake zato sauƙi, wani lokaci kuma ta fi shi nauyi, amma gara ka ji daga bakinsu. Binciken da Jami'ar Harvard ta fara a 1938, wanda ya bi rayuwar maza 724 har tsufansu, ya tarar kyawun dangantakar mutum da na kusa da shi yana cikin abubuwan da suka fi nuna wanda zai tsufa da lafiya da natsuwa. Duk nasarar da za ta ci waɗannan mutanen, ka yi mata kallon tsanaki.

A matsayinka na Musulmi kuma kana da tambayoyin da aka riga aka ba ka tun kafin ranar jarrabawa. Tirmizi ya ruwaito cewa ƙafafun bawa ba za su gusa ba ranar Alƙiyama sai an tambaye shi rayuwarsa a me ya ƙarar da ita, iliminsa me ya yi da shi, dukiyarsa ina ya samo ta kuma ina ya kashe ta, jikinsa a me ya tsufar da shi. Ka duba da kyau, babu inda aka ce nawa ka tara, babu inda aka ce wane ya fi ka. Kowace tambaya a kan abin da aka ba ka ne kai. Mai digirin lissafi za a tambaye shi lissafinsa, mai shago za a tambaye shi awonsa.

Idan ka gama wannan tonon, ka rubuta abin da ka samu a jimloli kaɗan, da adadi da lokaci, yadda za ka iya dubawa ka ce an yi ko ba a yi ba. "Ina so in ci gaba" ba ma'auni ba ne. Amma mutum zai iya rubuta cewa nan da shekara biyar yana so ya mallaki fili ko da a bayan gari ne, ba a bin sa bashin da ya wuce albashin wata ɗaya, akwai ajiyar da za ta riƙe gida wata uku idan wani abu ya faru, yaransa suna karatun boko da na addini ba a koro su, yana cin abincin dare da iyalinsa, kuma duk shekara akwai ɗaliban da suka ci lissafi da guminsu ta hannunsa. A ƙasa ya rubuta abin da ba zai yi ba ko nawa za a ba shi. A ƙasan wannan kuma, abin da mutane suka fi tsallakewa: abin da ya haƙura da shi. Misali ya yarda ba zai yi motar yayi ba a wannan tsakanin, ya yarda wasu za su riga shi gini, kuma idan ya gani ba zai ɗauka an ci shi ba, domin shi ya zaɓa. Wanda bai rubuta abin da ya haƙura da shi ba bai gama zaɓi ba, zai ci gaba da jin ciwon duk abin da ya wuce shi. Wannan misali ne kawai, naka zai iya bambanta ƙwarai. Kuma ba a dutse aka sassaƙa shi ba, ka riƙa duba shi duk shekara, domin abin da ɗan shekara 34 ya sa gaba ba lalle ya zama na ɗan shekara 50 ba.

Yanzu sai ka ɗora tayin Kwari a kan wannan takarda. Kafin komai ka san mene ne tayin. Albashi zai ba ka ko kaso a riba? Yaron shago za ka zama ko abokin tarayya? Bayan shekara nawa zai sallame ka da jari, kuma nawa? Idan kasuwa ta tsaya, ko aka yi gobara ko ambaliya, kamar ruwan da ya shiga Kwari a 2022 ya lalata kaya masu yawa, ina matsayinka? A rubuta komai da shaidu. Kada kunyar zumunci ta hana ka, domin rashin rubutu ya raba 'yan'uwa da yawa, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Sannan kana da abin da yawancin ma'aikata ba su da shi, wato dogon hutu. Ka je ka zauna a shagon makonnin nan, tun buɗewa har rufewa, ka ɗauki kaya, ka yi ciniki, ka bi bashi, ka ga yadda ake mu'amala da 'yan kamasho da baƙin da ke zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ka riƙa lura da kanka: da safe kana ɗokin fita ko jan ƙafa kake? Idan an koma makaranta, kewar ajin kake ko kewar kasuwar? Kada ka miƙa takardar ajiye aiki kafin wannan gwajin, ka kuma bincika ko dokar aikinku ta ba da damar hutu ba albashi.

Ka kuma sani ba hanya biyu ce kawai a gabanka ba. Malamin lissafi mai ƙwazo a gari irin Zariya yana da abin sayarwa: darasin yamma ga masu shirin WAEC da NECO da JAMB, makin takardun jarrabawa, karatun gaba a ABU da zai iya kai shi kwalejin ilimi ko jami'a, ko ya sa ɗan abin da ya tara a shagon ɗan'uwan nasa a riƙa juyawa yana nan a bakin aikinsa. Idan takardarka ta nuna koyarwa ce zuciyar lamarin, to matsalarka ta kuɗi ce, a nan za ka nemi maganinta. Idan ta nuna kasuwa ce, ka tafi da shiri, kada ka ji ka ci amanar kowa. Ka yi shawara da wanda ya san kasuwar da wanda ya daɗe a koyarwa, sannan ka yi istihara. Istihara ba jiran mafarki ba ce. Kana yin ta ne bayan ka tattara bayani, ka nufi abin da ya fi rinjaye a ranka, ka roƙi Allah ya sauƙaƙa shi idan alheri ne, ya kawar da shi idan ba alheri ba ne.

Abu na ƙarshe, saboda kalmar da ka yi amfani da ita, cewa ka ɓata rayuwarka. Idan wannan tunani yana zuwa ne kawai lokacin da ka buɗe zauren, ka rufe sanarwarsa na wata ɗaya ka ga bambanci. Amma idan ya kai mako biyu ko fiye kullum kana cikin ƙunci, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, ajin da kake so ma ya daina yi maka daɗi, ko ka fara jin gara ba ka raye, to wannan ya wuce batun zaɓin sana'a. Ciwon damuwa ne mai yiwuwa, kuma yana da magani. Ka ga likita a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, kuma kada ka yanke hukuncin barin aiki kana cikin wannan halin. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya sa albarka a iyalinka da ɗalibanka.